Kalmar "rune" da kurakuran da ake tafkawa a kanta

Duk mai kallon finafinan Viking, wato mayaƙan teku na arewacin Turai na zamanin da, ya san haruffan nan masu kama da karce a jikin dutse ko itace, sunansu rune. Matsalar ita ce da zarar an ji ma'anar sunan sai a ce shikenan ai rubutun tsafi ne, to a nan aka fara kuskure.

Gaskiya ne kalmar tana nufin sirri. A tsohon Ingilishi run na nufin sirri ko shawarar da aka yi a ɓoye, a yaren Goth (wata tsohuwar ƙabilar Turai) kuma runa ce, da ita ma limaminsu na Kirista Wulfila ya fassara kalmar "sirri" lokacin da ya mayar da Baibul yarensu a ƙarni na 4, har yau Jamusawa na cewa raunen in mutum yana raɗa. Kamar dai "asiri" ne a wajenmu, ka ce Allah ya rufa asiri, ka kuma ce an yi wa wane asiri, kalma ɗaya amma ba kullum take nufin sihiri ba. Eh akwai layu da aka rubuta da rune, amma a Bryggen ta birnin Bergen a Norway an tono rubuce-rubuce sama da 600 galibi a jikin 'yan sanduna, kuma da yawansu alamar mai kaya ce da lissafin 'yan kasuwa da saƙon soyayya, wasu har da batsa wallahi. Tes ɗin zamaninsu ne kawai.

Sai masu cewa "yaren rune". Babu wannan yaren fa, haruffa ne, kamar yadda ajami ba yare ba ne. Sunan jerin nasu futhark, daga haruffa shida na farko (th harafi ɗaya ne), tsohon yana da 24, na zamanin Viking ya ragu zuwa 16. Wannan ma ya nuna ba Viking suka ƙirƙiro su ba, don akwai wani mataji da aka samu a Vimose ta Denmak mai rubutun rune tun wajen shekara ta 160, ɗaruruwan shekaru kafin su.

Kada kuma a haɗa ta da ruin ta Turanci mai nufin kufai, waccan daga Latin take, kamar sauti ne kawai.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Turawan Ingila da kansu sun bar amfani da kalmar a ma'anar harafi, sai a ƙarni na 17 suka sake aro ta daga masanan ƙasashen Sikandinebiya irin su Ole Worm na Denmak da ya fitar da littafi kan rune a 1636. Mutanen Finland su kuma tun da can suka are ta, runo a wajensu waƙa ce. In kana son ganin rune yanzu-yanzu duba alamar Bluetooth a wayarka, haruffa biyu ne aka haɗe, H da B na Sarki Harald Bluetooth.