Ɗan da aka haifa a kullen korona: yadda za ki taimaka bakinsa ya buɗe

Ina koyar da ƙananan yara karatu a gidana a Shari'a Mansur, wato titin Mansur, nan Makka, kuma 'yan 2020 sun fita daban a idona. Da yawansu sai su kama hannunki su ja ki wurin abin da suke so, ba za su faɗa ba. Ban ga laifinsu ba. Tun 30 ga Maris na shekarar aka rufe unguwannin Misfala, Nakkasa da Hosh Bakar, daga 2 ga Afrilu hana fita ta zama dare da rana a duk garin, 'yan rauda (nasare) da firamare kuma ba su koma aji ba sai 23 ga Janairun 2022. Jaririn da ya kamata ya yi ta yawo daga hannun inna zuwa na gwaggo a gidan suna ya tashi bai san fuskar kowa ba sai 'yan ɗakinsu. A ƙasar Ailan an bi jariran da aka haifa a farkon kulle, aka tarar a shekara ɗaya kashi 77 cikin 100 ne ke da kalma ɗaya mai ma'ana, alhali kafin annobar kashi 89 ne.

Fara da jawwal, wato wayar hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a ba shi, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Na san hana shi gaba ɗaya da wuya, to ko lokacin cin abinci da kafin barci ki ajiye, naki da nasa.

Abin da ya fi komai aiki a wurina shi ne jira. Mu iyaye mata muna saurin amsa wa yaro. Ya nuna firji, kin riga kin zuba masa. A'a. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ce "ruwa ko madara?", ki yi shiru kina kallonsa, ki ƙirga goma a zuci. In ya ce "luwa", kada ki ce ya yi kuskure, kada ki bar yayyensa su yi masa dariya. Ki ce "ruwa, ruwan sanyi", ki ba shi. Duk abin da ya faɗa, mayar masa da shi daidai, ki ɗora kalma ɗaya a kai. Kina girki ki riƙa faɗin abin da kike yi, ya miƙo miki albasa, ya ware cokula manya da ƙanana. Wannan warewar ma horon tunani ce.

Wanda ya kai shekara biyar, haɗa shi da yayansa zuwa baƙala da saƙo biyu, shi zai faɗa wa mai shagon. Da dare a yi tatsuniya, ki tsaya a tsakiya ki tambaye shi me yake jin Gizo zai yi, gobe shi ya ba kakarsa labarin daga farko.

Abin da ke ci mini rai shi ne iyayen da suka daina yi wa yaro Hausa wai tana rikita masa Larabci. Harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Yi masa da wanda ya fi zama a bakinki, Larabci na jiransa a titi da makaranta.

Amma kada ki zauna kan "babansa ma bai yi magana da wuri ba". Ɗan shekara 2 da bai haɗa kalma biyu ba, ɗan 3 da baƙo ba ya gane yawancin maganarsa, ko wanda ya daina faɗin abin da ya iya a da, kai shi mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a fara duba kunnensa, sannan ki nemi a tura ku wurin mai gyaran furuci. Ɗauki ɗan bidiyonsa yana wasa a gida ki tafi da shi, don yara da yawa ba sa cewa uffan a gaban likita.