Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Bayanin Mokosh, Gunkiyar Matan Slav

Babban kuskuren masu rubutu a kan Mokosh, gunkiyar al'ummun Slav na gabashin Turai, shi ne ba da labarinta tiryan-tiryan, kamar an gaji cikakken tarihinta, alhali abin da magabata suka rubuta bai taka kara ya karya ba. Tsohon kundin tarihin Kiev, wanda aka harhaɗa a farkon ƙarni na 12, ya ce a shekarar 980 Sarki Vladimir ya kafa gumaka a kan wani tudu: Perun, Khors, Dazhbog, Stribog, Simargl da Mokosh, kuma ita kaɗai ce mace a cikinsu. Kundin bai faɗi siffarta ko aikinta ba, kuma a 988 sarkin ya karɓi Kiristanci, aka tumɓuke gumakan. Gyaran shi ne marubuci ya raba abin da kundin ya faɗa da abin da masana suka gina a kansa daga baya.

Daga irin wannan ginin ne ake cewa ita matar Perun, gunkin tsawa, ce, ba tare da an ambaci cewa hasashe ne na masana biyu na zamanin Tarayyar Sobiyet, Ivanov da Toporov. Haka nan surar macen nan mai ɗage hannuwa da ake gani a ɗinkin tawul na arewacin Rasha: masanin tarihi Boris Rybakov ne ya yayata cewa Mokosh ce, amma kayan ɗinkin galibi na ƙarni na 19 ne, kuma masana da dama ba su yarda da shi ba. Wanda zai kawo waɗannan ra'ayoyi ya jingina su ga masu su.

Abin takaici, a ganina, shi ne yadda ake tsallake hujjar da ta fi ƙarfi, wato rayuwar matan karkara. A littattafan furta zunubi a gaban limamin coci na ƙarni na 16 ana tambayar mace ko ta je wurin Mokosh, wanda ke nuna sunan bai mutu ba ɗaruruwan shekaru bayan rushe gunkin. A ƙauyukan arewacin Rasha an ci gaba da maganar Mokosha, mace mai ƙaton kai da dogayen hannuwa wadda ke shiga gida da dare ta yi kaɗi, shi ya sa ba a so mace ta kwana ta bar ulu ko zare a sake. Mata kuma sukan ajiye mazari ranar Juma'a don girmama waliyyiya Paraskeva, wadda masana da yawa ke ganin ta gaji matsayin Mokosh. Kamanceceniyar tana da ƙarfi, amma kuskure ne a ce su biyun abu ɗaya ne, domin Paraskeva tana da nata tarihin a cocin Orthodox.

Sai kuma dogaro da Littafin Veles, wanda aka yi iƙirarin tsohon rubutun Slav ne, ya kuma ɓulla a wata mujallar Rashawa 'yan gudun hijira a Amurka a shekarun 1950. Masana harshe sun tabbatar jabu ne, don haka duk bayanin da aka ɗebo daga cikinsa a fitar da shi daga rubutu.