Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tauraruwa Mai Wutsiya Kafin Gari Ya Waye

Tauraruwa mai wutsiya takan fi haske ne idan ta kusanci rana, shi ya sa sau da yawa ake ganinta ƙasa-ƙasa a gabas gab da ketowar alfijir. Haka wadda ake kira NEOWISE ta yi a farkon Yulin 2020, haka ma Tsuchinshan-ATLAS a ƙarshen Satumban 2024. Tazarar da ke tsakanin ɗagowarta da yayewar duhu wani lokaci ba ta kai rabin awa ba, saboda haka tun da rana ake kammala shiri.

A nemi fili ko tudu a wajen gari, inda babu gini, itace ko fitila ta fuskar gabas, sannan a duba manhajar Stellarium, mai nuna taswirar sararin sama, domin sanin lokacin fitowar tauraruwar da daidai wurin da za ta ɓullo. Idan hazon hunturu ya yi kauri, gara a haƙura da wannan asubar, domin ƙura ta fi taruwa a ƙasan sararin sama, daidai inda ake nema.

Dole kyamara ta zauna daram a kan madogara mai ƙafa uku. Idan babu, buhun yashi a kan katanga ya wadatar. A kashe saitin da ke daidaita gani da kansa, domin yakan rikice a cikin duhu. A auna wata tauraruwa mai haske, a ƙara girmanta a allon kyamara, a riƙa murɗa zoben daidaita gani na gilashin kyamarar da hannu har ta koma ɗan ɗigo mai kaifi. A nan ne akasarin masu koyo suke yin asara, domin hoton da ya yi dishi-dishi babu wata manhaja da za ta gyara shi.

A buɗe ƙofar hasken gilashin zuwa lambar f/2.8 ko iyakar buɗewarsa, a fara da ISO 1600 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da ta kama). Tsawon lokacin ɗauka kuwa yana da iyaka, saboda juyawar duniya tana sa taurari su zama zane-zane. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a raba 500 da tsawon gilashin, wato lambar milimita da ke rubuce a jikinsa: mai milimita 50 zai ɗauki daƙiƙa 10, mai 200 kuma daƙiƙa biyu da rabi, kuma a ganina gara a rage kaɗan daga hakan. A saita jinkirin daƙiƙa biyu domin kada taɓa maɓalli ya girgiza kyamara, a kuma adana hotunan a tsarin RAW, wanda ke riƙe duk bayanan hoto domin gyara daga baya. Hotuna ashirin a jere, idan aka haɗa su a kwamfuta, sukan fito da wutsiyar fiye da guda ɗaya. Mai waya ma zai samu wani abu idan ya kafa ta, ya kunna tsarin ɗaukar dare.

Yayin da gabas take yin ja, a riƙa rage ISO da daƙiƙoƙi, a duba ko raɓa ta kama gilashin. Da zarar rana ta kusa ɓullowa, a kawar da kyamara da tabarau mai hangen nesa daga wannan fuska, domin haskenta yana lalata ido.