Idan an maido muku da harajin gida a Amurka

'Yan uwa masu gida a Amurka, idan ƙaramar hukuma ta maido muku da wani ɓangare na harajin gida, ku fara duba shekarar da kuka biya shi. Idan shekarar biya da ta maidowa ɗaya ce, sai ku rage kuɗin daga abin da za ku cire a Schedule A (fom ɗin harajin tarayya da ake lissafa rangwame ɗaya bayan ɗaya), shi ke nan.

Na shekarar baya ne ke rikita mutane. Wanda ya ɗauki rangwamen bai-ɗaya (standard deduction, wato ƙayyadadden adadin da ake cirewa ba tare da lissafa komai ba) a waccan shekarar, hukumar harajin tarayya IRS ba ta binsa komai, domin harajin gidan bai rage masa ko sisi ba. Wanda kuwa ya lissafa rangwamensa ɗaya bayan ɗaya, zai sa kuɗin a matsayin kuɗin shiga, amma iya gwargwadon amfanin da ya samu. Daga 2018 zuwa 2024 ba a cire fiye da dala 10,000 na harajin jiha da na gida. To a ce jimillar harajin jiha da na gida da ka biya a 2023 ta kai 12,000, aka maido maka 1,500: saura 10,500, har yanzu ya haura iyakar, don haka babu haraji a kai. Da 2,500 aka maido, 500 ce kawai za ta iya zama kuɗin shiga.

Wannan kuɗin a fom ɗin ƙarin kuɗin shiga, wato Schedule 1, layin 8z ake rubutawa, ba layi na 1 ba. Kuɗin ruwan da aka haɗo da shi kuwa ana biya masa haraji. Rarar da bankin lamunin gida ya maido daga asusun ajiyar haraji kuɗinku ne tun asali, kada ku sa shi.