Darasi na Tara: Ɗan'uwan Mai Taɓin Hankali

Idan ciwon taɓin hankali ya shiga gida, hankalin kowa yakan koma kan mara lafiya. Iyaye suna ta zirga-zirga tsakanin gida da asibiti. Wa ko ƙane, ya ko ƙanwa kuwa, sai a ce musu: "Ku lafiyarku ƙalau, ku yi haƙuri." Ba mai tambayar yadda suka kwana. Wannan darasi nasu ne.

Ɗaya daga cikin manyan cututtukan ƙwaƙwalwa shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Mai shi yakan ji muryoyin da ba kowa ke yin su ba, ko ya haƙiƙance ana bin sa da sharri. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 24 ne ke fama da shi, wato 1 cikin 300. Yawanci yakan fara ne daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu. A wannan lokacin sau da yawa 'yan'uwa suna kwana ɗaki ɗaya, don haka ƙane yakan riga iyaye ganin canji.

A ce cikin dare yayanka ya tashe ka, jikinsa na rawa: "Ka ji su? Ga su can bayan taga suna zagina." Kada ka ce masa ƙarya yake yi, domin shi da gaske yana ji. Kada kuma ka ce kai ma ka ji don a zauna lafiya. Sassauta murya ka ce: "Yaya, ni ban ji komai ba, amma na ga abin ya firgita ka. Zauna, ina nan tare da kai." Kada ka tare masa ƙofa, kada kuma a taru a kansa. Gardama ba ta taɓa korar muryar nan ba.

Akwai abin da 'yan'uwa ba sa iya faɗa. Kunya takan hana su kawo abokai gida. Wani lokaci haushin mara lafiyar ya kama su, daga baya su zargi kansu. Wannan ba mugun hali ba ne, gajiya ce. Ka sami wanda ka amince da shi ka amayar masa da abin da ke ranka, a kuma raba jinya, kada a jibge wa mutum ɗaya.

Sai babbar fargaba: "Ni ma zai kama ni?" Ba a ɗaukar ciwon ta zama tare. Gado yana da hannu, amma cikin 'yan'uwa 10 na mai sikizofireniya, kimanin 9 ba sa kamuwa. Shan wiwi kuwa yana ƙara haɗarin, sai a kiyaye.

Magani yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa. Yana iya kawo yawan barci, ƙiba ko rawar hannu. A gaya wa likita, kada a daina sha don an ga sauƙi, nan ne ciwo ke dawowa. Idan ɗan'uwanka ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti nan take.

Aikin yi

Ga inda karatunka zai yi rana. Ɗauki ƙaramin littafi ka ja layi uku. A na farko rubuta kwanan wata, a na biyu sunan magani kamar yadda yake a jikin kwali, a na uku awa nawa ya yi barci. Rashin barci kwana biyu ko uku a jere yakan zama alamar farko ta dawowar ciwon. Ranar ganin likita, ka tafi da littafin.