Yadda ake lissafin nauyin mutum kafin a rataye shi da ƙugiya

Wani bidiyo ne ya yi ta yawo a WhatsApp kwanakin baya, wani bature an soka masa ƙugiyoyi a gadon baya an ɗaga shi sama yana lilo yana ta dariya abinsa, sai na ga mutanenmu nata cewa ai tauri ya ci, wasu kuma suka ce haɗin kwamfuta ne. To ba tauri ba ne, kuma ba haɗi ba ne. Abin ya daɗe a duniya. Ƙabilar Mandan ta Amurka suna da bikin Okipa na rataye mutum ta fata, wanda wani mai zane George Catlin ya gani ya zana a 1832, a yankin Bengal na Indiya da Bangladesh kuma akwai irinsa, bikin Charak Puja da ake yi tsakiyar Afrilu. Na zamanin nan su Fakir Musafar, wani mai nuna fasaha da jikinsa, ne suka yayata shi a Amurka, shi kuwa takwaransa Stelarc na Ostireliya sau 25 aka rataye shi tsakanin 1976 da 1988. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya gwada, addini ma ya hana mutum cutar da kansa, amma tunda ana ta tambaya wai ya fata take ɗaukar ƙaton mutum ba ta yage ba, bari in faɗi yadda masu aikin suke lissafinsu, ta haka in ka ga bidiyo za ka iya bambance ƙwararru da 'yan ganganci.

Farkon abu sikeli. Mutum zai hau a ga kilo nawa ne a ranar, ba wai ya faɗa da baki ba, don kowa ya san yadda muke rage wa kanmu kilo biyar in an tambaye mu. Daga nan sai rabo. Mai kilo 80 in ƙugiya huɗu ce kowace ta ɗau 20, in takwas ce kowace 10, lissafin 'yan firamare ne. Amma fa wannan a takarda ne kawai. A zahiri in aka ɗaure kowace ƙugiya da igiyarta daban, aka samu ɗaya ta fi sauran gajarta ko da ɗan yatsa ne, to ita za ta fara ɗaukar kayan ita kaɗai sauran suna hutawa, kamar mutum huɗu ne suka ɗauko buhu, ɗayansu dogo uku gajeru, ai dogon ne zai ji a jikinsa. Shi ya sa za ka ga ƙwararru suna zura igiya guda ɗaya ta bi ta kowace ƙugiya ta koma kan ƙarfen da ke sama ta sake saukowa, yadda za ta iya zamewa ta daidaita kanta. Kuma ba sa ɗagawa lokaci guda, sai sun ja a hankali fata ta miƙe, wani ya bi igiyoyin yana taɓawa da hannu ya ji wacce ta yi tauri wacce ta yi sako-sako, a gyara, sannan ƙafa ta bar ƙasa.

Sai wajen da aka soka. Ƙugiyar nan fata kawai take kamawa, ba ta shiga tsoka, kuma fatar gadon baya ta sama tana cikin mafi kauri a jikin ɗan Adam, duk wanda ya taɓa tsayawa wajen majema ya ga kirgi ya san fatar baya ba ɗaya take da ta ciki ba. Don haka kilo 20 a baya daban, kilo 20 a gwiwa daban, ta gwiwa ta fi saurin yagewa. In ka ga an rataye babban mutum ta gwiwa da 'yan ƙugiyoyi kaɗan kansa a ƙasa ba katifa ba komai, wallahi waɗannan ba su san me suke yi ba, don in fata ta saki da ka zai sauka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙiba ita kaɗai ba ta hana a rataye mutum. Mai jiki ana ƙara masa ƙugiya ne a baza nauyin, ko a kwantar da shi rub da ciki irin tashin Superman, ƙugiyoyi tun daga kafaɗa har sha-raɓa. Matsalar mai jiki tana ciki ne, zuciya da numfashi da hawan jini da ciwon suga wanda ke sa rauni ya ƙi warkewa da wuri. In aka kwantar da mai tumbi aka bar tsakiyarsa ba abin da ya riƙe, tumbin zai ja ƙugu ƙasa bayan ya lanƙwashe, gobe sai ya kasa miƙewa. In ta ƙirji aka rataye shi kuwa fatar tana matse haƙarƙari numfashi ya yi wuya, kuma iya nauyinka iya matsewar. Siriri shi ma ba wai ya tsira ba, in bai ci abinci ba ko bai sha ruwa ba jiri ne zai kwashe shi. Shi ya sa tambayoyinsu kafin a fara sun fi na nas yawa, ka ci abinci, ka yi barci, ka sha giya, kana shan asfirin ko wani maganin da ke tsinka jini, kana da farfaɗiya, in mace ce ko tana da ciki. Ƙungiyar da ba ta yi waɗannan tambayoyin ba ko kallo ba su cancanta ba.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin kuskure, suna zaton kilo 80 kullum kilo 80 ne. A'a. Ka tuna guga a rijiya, in kana jawo shi a hankali igiya lafiya lau, amma ka bari ya zame taku ɗaya ka cafke, za ka ji kamar kafaɗarka za ta fita, guga ɗaya ne ruwa ɗaya ne amma fizgar ta ninka shi. Haka mai lilo a sama, duk sanda ya zo ƙasan lilon igiya da fata suna ɗaukar abin da ya fi nauyinsa, in ya yi tsalle ko wani ya maƙale masa a ƙafa kamar yadda ake yi don burgewa a bidiyo, to lissafin farko ya tashi a banza. Akwai kuma maganar buɗewar igiya, in igiya biyu suka riƙe kaya suka buɗe har digiri 120 a tsakaninsu, kowace ɗaya tana ɗaukar cikakken nauyin ne ba rabi ba. Don haka suke duba katako ko ƙarfen rufin, da tayar jan igiya, da maƙalai irin na masu hawan dutse, kowanne da lambar nauyin da zai iya ɗauka a rubuce a jikinsa, kuma suna barin rata mai yawa ba daidai wa daida ba. Fata in za ta yage tana nunawa, ramin yana faɗaɗa a hankali mai sa ido ya gani a sauke mutum a yi ɗinki. Ƙarfen rufi kuwa ba ya sallama, ɓallewa kawai zai yi.

Sai ka ƙirga mutanen da ke ƙasa. Dole akwai mai riƙe igiya wanda ba ya yin komai sai wannan, da mai kallon ƙugiyoyi, da mai yi wa wanda ke sama magana yana duba fuskarsa, don in mutum ya suma a rataye a tsaye jini yana taruwa a ƙafafu ne bai isa kai ba, sai an sauke shi nan take an kwantar. Nan ma nauyi ya shigo, saukar da sumammen mai kilo 110 ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kayan kuwa sai an dafa su a tukunyar tururi irin ta asibiti mai kaiwa zafin digiri 121, ba wai a goga sifirit a ce an gama ba, ga safar hannu, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi.

Bayan an sauke an zare ƙugiyoyi akwai iskar da ta shige ƙarƙashin fata lokacin da ta ɗago, sai an kwantar da mutum an yi ta matsa masa baya ana tura ta wajen ramukan tana fita, in ka sa yatsa a wajen sai ka ji yana ƙaras-ƙaras kamar ana murza leda. Wannan ɓangaren ba a cika sa shi a bidiyo ba.