Kurakuran da masu koya wa yara ƙwallon kwando suka fi yi

Yawancin masu horar da yara ƙwallon kwando a Kano da Zariya da Kaduna tsofaffin 'yan wasa ne, kuma don Allah suke yi, ba albashi ba alawus. Wasan kam sun iya shi. Wajen koyar da shi ne ake samun tangarɗa, kuma kusan kurakurai iri ɗaya ne ake ta maimaitawa daga wannan fili zuwa wancan.

Wanda ya fi cin lokaci shi ne layi. Ka je fili bayan La'asar ka tarar da yara ashirin sun jeru, ƙwallo ɗaya tal. Kowa ya ruga ya jefa sau ɗaya, ya koma baya yana hira da abokinsa. Kafin magariba yaro bai taɓa ƙwallo na minti biyar ba, amma koci ya tafi gida yana ganin an yi atisaye. Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. A raba yaran uku-uku ko huɗu-huɗu, wasu su kara a rabin fili, wasu su yi ta ba juna ƙwallo a gefe, waɗanda ba su samu ba su yi aikin ƙafa da tsayuwar tsaro. Koci kuma ya zo da tsarinsa a rubuce. John Wooden, kocin da ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 da ƙungiyar jami'ar UCLA tsakanin 1964 da 1975, a ƙananan katuna yake rubuta abin da za a yi minti bayan minti. Idan zai gyara wa ɗan wasa kuskure, kalmomi kaɗan yake faɗa a ci gaba. Mu kuwa sai a tsayar da wasa a yi lacca ta minti goma, jikin yara ya yi sanyi.

Na biyu ya fi ba ni takaici. Da zarar an ga yaro ya fi sa'o'insa tsawo, sai a dasa shi ƙarƙashin kwando a ce, "Kai dai tsaya nan, in ya faɗo ka cafe." Ba a bari ya tafi da ƙwallo, ba a bari ya jefa daga nesa. Yana ɗan shekara 12 ana cin wasa da shi ana tafi. Yana kai 17 sai tsawon ya tsaya, sa'o'insa su kamo shi, ya wayi gari ba shi da komai a hannu. Wannan zalunci ne, ko da kocin bai yi niyya ba. Hakeem Olajuwon gola ne na ƙwallon ƙafa a Legas kafin ya fara ƙwallon kwando yana kusan shekara 15, kuma sarrafa ƙafar nan ce ta sa ya gagari manyan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, har ya ci kofi da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995. Dogo da gajere, kowa ya koyi tafiya da ƙwallo, bayarwa, jefawa da juyawa a kan ƙafa ɗaya. Hannun hagu ma a ba shi rabonsa a kowane atisaye, don yaro ba zai taɓa zaɓarsa da kansa ba.

Son cin wasan ranar Asabar ne kuma ke sa koci ya tara yara biyar a gindin kwando, kowa na gadin yankinsa. Tabbas ana cin wasa da hakan, tunda ƙananan yara ba su da ƙarfin jefawa daga nesa. Sai dai ba wanda ya koyi bin abokin karawarsa. Shi ya sa ƙa'idojin da NBA da hukumar ƙwallon kwando ta Amurka suka fitar a 2018 suka hana tsaron yanki ga 'yan ƙasa da shekara 12. Kowa ya kama nasa.

Akwai kuma batun kwando. Tsayinsa na manya mita 3.05 ne. Ɗan shekara takwas in zai kai can sai ya wurgo ƙwallo daga ƙugu da hannu biyu, kuma wannan jifar takan bi shi har girma. A wasan yara ana saukar da shi zuwa mita 2.60, a yi amfani da ƙwallo mai lamba 5, wadda ba ta kai ta manya girma ba. In ba halin saukarwa, a matso da su kusa, a hana su jifar nesa ta maki uku tukuna.

Tsawa da zagi ba sa koyar da komai. Yaron da ya san in ya zubar da ƙwallo za a sa shi tsallen kwaɗo, daina gwadawa zai yi, ya riƙa jefa wa na kusa da shi don ya tsira. Ka faɗa masa abin da zai yi: "Sauke ƙugu, ɗaga kai." Ka kira shi da sunansa in ya yi daidai.

Filayenmu kuma na siminti ne, a buɗe, ga zafin Maris da Afrilu. Hana ruwa da sunan horo ganganci ne. A ba da hutun shan ruwa kowane minti 15 zuwa 20, a share yashi daga fili kafin a fara, a duba igiyar takalman yara. Da azumi a rage gudu da tsalle, a mayar da hankali kan jifa da bayarwa, ko a ɗage atisayen zuwa bayan shan ruwa in filin yana da fitila.